Mutanen Cikin Akwatin Baba Usmanu

Na shiga Madina da jaka ɗaya da zartona a naɗe cikin zanen matata. Wanda ya yi mini hanya daga Zariya ya rantse cewa aikin kafinta zan yi a kamfanin kujeru. Babu kamfani, babu kujera. Wani Balarabe ne ya zo ya karɓi fasfona ya zura a aljihu, ya nuna mini bayan a-kori-kura, muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare. Gonar dabino ce da garken awaki. Zarton nan, a yankan reshen dabino ya ƙare.

Wata goma sha ɗaya na yi a gonar. Mu biyu ne, ni da wani ɗan Bangaladash, ba ya jin nawa, ba na jin nasa. Mutumin kirki ne, in ya dafa shinkafa sai ya raba biyu daidai ya turo mini, amma hira babu. Na kai har ina yi wa awaki Hausa. Ran Juma'a nakan kira gida, kuma nan ne ya fi ciwo. Da na fara cewa, "Hadiza, wurin nan fa..." sai matar tawa ta tare ni: "Malam, kai da ke garin Manzo, me za ka ce? Ka dai sa mu a addu'a." Yayana ma haka, maƙwabta ma haka. Kowa addu'a yake aiko mini in kai masa, ni kuwa sau huɗu kacal na ga Harami a duk watannin nan. Sai na daina faɗa. In an ce, "Tanimu, ya Madina?" in ce lafiya lau.

Da Balaraben ya sayar da gonar, ya miƙo mini fasfona ya ɗaga yatsu uku. Wata uku ke nan suka rage a iƙamata, wato takardar zama. In na sami wani kafili ya ɗauke ni a sunansa kafin nan, to. In ban samu ba, ko in koma gida ba abin da na ƙulla, ko in zauna ina gudun masu kame, ina da shekara arba'in da shida da ciwon gwiwa.

Na sami shimfiɗa a Harra ta Gabas, a wani ɗaki na mutum shida. Unguwa ce ta baƙin dutse da tsofaffin gidaje, Hausa kuwa ga ta nan ko'ina, ta Kano, ta Nijar, ta Sudan. Na zaci kewa ta ƙare. Ina. Kowa ya dawo a gajiye sai ya juya bango ya toshe kunne da waya. Mutum ɗaya ne yakan tambaye ni ko na ci abinci, Malam Hamisu, ɗan Maraɗi, mai sayar da asuwaki da carbi. Yana da karatu daidai gwargwado, yana da tsantseni. Ko gwangwanin madara ya saya, in da hoton yaro a jiki, sai ya ɗauki biro ya ja layi a wuyan yaron kafin ya shigo da shi ɗaki. Na tambaye shi dalili, ya ce in aka raba kai da jiki ya tashi daga hoto, mala'iku za su iya shiga.

Wata guda na yi ina dako a wajen masu sayar da katako. Ran nan wani dattijo cikin farar jallabiya ya zaɓi falankai shida, aka ce in ɗora masa a mota. Na ɗaga na huɗu na ji nauyinsa, na ce da kaina, "Wannan ɗanye ne, ba zai yi wata biyu ba zai murɗe."

"Me ka ce?"

Da Hausa aka yi tambayar. Na juya. Baƙi ne kamar ni, gajere, da tabarau mai kaurin gindin kwalba.

"Na ce ɗanye ne, Baba."

Ya ƙwanƙwasa falankin da yatsa ya saurara, ya sa aka sauke shi. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Daga ina?"

"Zariya."

"Wayyo ni. Duk Hausawan da ke garin nan, sai da Bazazzagi Allah ya haɗa ni."

"Ashe Baba Bakano ne."

"Kakana ne ya taso daga Kano da ƙafa. Ni nan aka haife ni, ban taɓa ganinta ba. Amma wannan bai hana ni zama ubangidanka ba. Shiga mota."

Haka na haɗu da Baba Usmanu. Shagonsa na cikin wani lungu a Ƙurban, tafiyar ƙafa kaɗan daga masallacin Ƙuba. Firam yake yi na zinariya, na ayoyi da na madubi, irin wanda ake ratayewa a falo. Shagon a sunan ɗansa Faisal yake. Tun ranar farko ya gaya mini a fili: "Hannuna ya fara rawa, idona ya fara tafiya. In naka ya zauna kafin takardarka ta mutu, zan sa Faisal ya ɗauke ka. In bai zauna ba, ka koma dakonka."

Aikin ba irin wanda na sani ba ne. Za ka goge katako, ka shafa masa alli da aka dama da gam na fatar zomo, shafi bakwai ko takwas, kowane sai ya bushe. Ka goge har ya yi santsin ƙwai. Sannan jar laka. Sannan zinariya. Ganyenta ya fi ɓawon albasa sirantaka, ba a taɓa shi da hannu. Da buroshi mai faɗi ake ɗauka, bayan ka goga buroshin a kumatunka ya ɗan sami maiƙo. Ba a kunna fanka, ba a kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba a buɗe ƙofa, a zafin Madina. Ko numfashi sai ka kau da kai. Ranar da ya fara ba ni buroshin na yi atishawa, ganye uku suka tashi suka dunƙule.

"Bazazzagi," in ji shi, "da hanci za ka talauta ni."

Amma in ana shafin alli ko guga, baki a buɗe yake, kuma Baba ba ya gajiya da magana. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsa masa, jikoki kuwa ko ji ba sa yi. Ashe shi ma yunwar da nake ji yake ji. Tambaya yake jero mini kamar yaro. Har yanzu ana dama fura a ƙwarya? Da gaske ne dutsen Dala ya fi Uhudu tsawo, kamar yadda kakarsa ke faɗa? Na ce ya fi shi nesa ba kusa ba. Na yi masa ƙarya da yawa a kan Kano don ya ji daɗi, Allah ya yafe mini. Ni dai na san tun da na bar gida ban yi dariya da sauti ba sai a shagon nan.

A mako na uku muka kai matakin ƙarshe, wato naƙashi. Bayan an goge zinariya da wani dutse mai santsi ta yi ƙyalli, sai a ɗauko ƙananan ƙarafa kamar ƙusa, kowane da zane a bakinsa, ana ɗorawa ana ɗan bugawa da guduma, layi bayan layi. Ƙarafan suna cikin wani tsohon akwatin katako a ƙarƙashin benci. Baba ya jawo shi ya ɗaga murfin, sai na ja da baya.

A cikin murfin an manna wata babbar takarda mai hoto, ta cika shi daga gefe zuwa gefe. Kamar ƙofofi biyar ne a jere masu tsinin kai, bayansu duk zinariya. A ta tsakiya mace ce zaune da jariri, kun san waɗanda suke nufi. Biyu a dama, biyu a hagu, mutane ne a tsaye, kowa da faifan zinariya a bayan kansa. A ƙasa kuma ga wasu ƙananan hotuna a jere, kuma duk kisa ake yi a ciki. Wani an ɗaure shi a itace an cika shi da kibau. Wani an kwantar da shi kan gadon ƙarfe ana hura wuta a ƙarƙashi. Wasu biyu sun durƙusa, an riga an sare kan ɗaya, na biyun yana jiran takobi. Wani ana jifansa da duwatsu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Makarantata ce."

"A Madina?"

"To a ina kake so in ajiye ta? Zauna." Ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma. "Wanda ya koya mini aikin nan Ustaz Idris ne, mutumin Asmara. Shi kuma Italiyawa suka koya masa yana yaro. Ya ce asalin wannan katako ne, ya fi ƙofar shagon nan girma, an yi shi a ƙasarsu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A coci ake kafa shi, bayan teburin da limaminsu ke tsayawa. Kuma aikinmu ne sak: alli, gam, jar laka, zinariya. Duba nan."

Ya ɗora gilashin kan faifan da ke bayan kan wani tsoho mai gemu, na ƙarshe a hagu. Sai ga shi: ɗigo-ɗigo, zobe, fure, ganye, layi bakwai a jere. Irin wanda ke jikin firam ɗin da ke jingine a bangon shagon.

"Wato zanen da ke kewaye da ayoyi a falon mutanen garin nan, daga kan waɗannan ya fito?"

"Daga ina kake so ya fito, daga Zariya?"

"Su wane ne su?"

"Waliyyansu. Sarakuna masu bautar gumaka suka ce su bar addininsu, suka ƙi, aka kashe su. Na saman nan duk suna cikin na ƙasan, a sama sun huta, a ƙasa ana nuna yadda aka yi da su. Ustaz ya ce tun kafin a aiko Manzo ne. Allah ya san tsakaninsa da su. Ni faifan nake kallo."

Kullum bayan azahar Baba yakan tafi gida sai la'asar. Ni ba ni da inda zan je, Harra da nisa, ga rana. Sai in zauna a shagon in ci tamis ɗina, gurasar garin, da ruwa. Da fari don koyon zanen nake buɗe akwatin, haka na gaya wa kaina. In ɗauki gilashin in bi faifan tsohon nan layi-layi ina ƙirgawa. Daga baya ido ya fara sauka ƙasa.

Akwai wani a hoton gadon ƙarfe. Ba shi da faifai, ba sarki ba ne, ba soja ba ne. Ya durƙusa yana tura itace cikin wutar, ya naɗe hannun riga, ya kau da fuska saboda zafi, ƙafarsa ba takalmi. Wanda ya zana shi ya san lebura. Wannan ba mugunta ce ta kawo shi ba, ce masa aka yi akwai aiki, ya zo. Ran nan na ji bakina yana ce masa, "Kai kuma wa ya yi maka hanya?"

Shi kuwa na kan gadon, ya juyo da fuskarsa yana kallon mai kallonsa. Ba kuka, ba ihu. Fuskar mutumin da in ka tambaye shi ya gida, zai ce maka lafiya lau, alhali bayansa na gasuwa. Na san fuskar nan. Na fara ba su labarin abin da ba na iya gaya wa Hadiza: gonar, gwiwata, ɗiyata ta fari da aka yi wa aure ina ji ta waya. Ba sa ce mini in gode wa Allah tunda ina garin Manzo. Saurara kawai suke yi. Har na fara ƙosawa Baba ya tafi gida.

Sai wata asuba ina salla a masallacin Ƙuba, ina tsaye a raka'a ta biyu, ga fuskar na kan gadon a gabana, sarai. Na rasa me liman ke karantawa. Da aka sallame na fito. Ni da na bar iyalina na zo garin da mutane ke roƙon Allah ya kashe su a cikinsa, in ƙare da hira da hoton coci? A wajen mai shayi na gaya wa Malam Hamisu komai.

"Subhanallahi," in ji shi. "Tanimu, Shaiɗan ya sami ƙofa."

"Ba nawa ba ne, Malam. Na mai shagon ne."

"Ai ban ce ka ƙone ba, kayan mutane ne. Layi za ka ja musu a wuya, ɗan siriri. Ka taimaki kanka, ka taimaki dattijon. Shekara nawa mala'iku ba su taka shagon nan ba?"

"Wasu ai an riga an sare musu wuyan."

"To waɗannan an hutar da kai."

Me ya hana in tambayi Baba? Na san abin da zai ce. Kuma na ɗauka alheri zan yi masa a ɓoye. Layi siriri, da idon nan nasa ba zai ma gani ba.

Ran nan bayan azahar na jawo akwatin. Biro ya ƙi kamawa, takardar na da sheƙi. Sai na ɗauki maka, baƙin alƙalamin da muke sa alama da shi a katako. Macen da jaririn ban iya kusantar su ba. Na fara da na tsaye huɗun, na ja musu ɗaya bayan ɗaya da sauri, ba na kallon fuskokinsu. Kafin in sauka kan na ƙasa sai na ga layin yana kumbura. Takardar ta tsufa, duk ta yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani, tawada ta shiga cikinsu tana tafiya kamar jijiya, sama zuwa haɓa, gefe zuwa cikin faifan. Na ruɗe. Na fizgi tsumma na tsoma a tina, ruwan wanke fenti, na share na hagun nan biyu shara ɗaya, kamar mai goge tebur.

Tawadar ta fita. Fuskokin ma sun fita. Tsohon mai gemu da na kusa da shi, daga kafaɗa zuwa sama ba komai sai wani dabbare-dabbare mai launin ƙasa. Faifan mai layi bakwai ya tafi. Na dama biyun kuma ga baƙi ya ci rabin nasu.

Na zauna a ƙasa da tsumman a hannu har aka kira la'asar. Ban tashi na je masallaci ba.

Baba ya shigo da leda a hannu yana fara'a. "Bazazzagi, ga sambusa, jikata ta yi. Kuma na yi magana da Faisal, ran Lahadi zai zo a gama maganar takardarka. Wannan warin tina fa?"

Ban ɓoye ba, ban iya ba. Na nuna masa. Ya ajiye ledar a hankali, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki gilashin ya bi wurin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe.

"Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Layi na so in ja musu a wuya, saboda mala'iku. Sai tawada ta..."

"Ustaz ya mutu ba ɗa, ba jika," in ji shi, ba ni yake kallo ba. "Ni na sa shi a kabari a Baƙi'a, amma yau in ka ce in nuna maka wanne ne, ban sani ba, duk iri ɗaya ne. Wannan da hannunsa ya manna shi. Shi ke nan abin da ya rage."

"Baba, ka yafe mini."

"Da ka tambaye ni."

Ya kwashe ƙarafan ya zuba a gwangwani, ya rufe murfin. Washegari na tarar da kwado a jikin akwatin.

Kwana tara suka rage a takardata. Na haɗa jakata na ajiye a bakin ƙofar ɗaki, don na san hukuncina. Malam Hamisu ya yi ta ba ni haƙuri, yana cewa niyyata mai kyau ce. Ban ga laifinsa ba. Har yau ban san wa ke da gaskiya a kan maganar hoto ba, ni ba malami ba ne. Abin da na sani, kayan wani na taɓa.

Ran Lahadi sai ga Faisal, dogon saurayi da makullin mota a yatsa. Ya danna-danna wayarsa, ya karɓi tawa ya nuna mini inda zan danna. Ya yi mini wani dogon Larabci, da ya ga ban gane ba sai ya haɗa Hausar da yake da ita: "Baba ya ce alkawari." Ya fita.

Na zama mai takarda. A ɗaki aka yi mini barka, aka sa na sayi lemo. Hadiza ta yi guɗa a waya har kunnena ya yi zafi. Ba wanda ya san me na rasa.

Domin tun daga ranar Baba bai ƙara yi mini Hausa ba. Bai zage ni ba, bai rage mini komai ba, in an kawo masa abinci yana ajiye mini nawa a gefen benci. Amma da Larabci yake ba ni aiki, kalma ɗaya-ɗaya, kamar yadda Balaraben gona ke yi. Jib, in kawo. Shil, in ɗauke. Halas, in bari. In na gaishe shi da "Baba ina kwana," sai ya amsa da Larabci. Sau uku na durƙusa na ba shi haƙuri, sau ukun yana cewa "ma'alesh," wato ba komai, ya juya ga aikinsa. Mu biyu a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, ba fanka, daga safe har yamma, ba ka jin komai sai ƙarar samfefa. A gona ɗan Bangaladash bai iya ba ne. Wannan ya iya, ya hana ni. Da rana kuma in ya tafi, ga akwatin nan a ƙarƙashin benci da kwadonsa. Nakan zauna in jingina da shi in ci tamis ɗina.

Wata huɗu muka yi a haka. Na yi tunanin barin wurin ba sau ɗaya ba, amma in je ina, kuma da wace fuska?

Sai wani likita ɗan Najeriya da ke aiki a garin ya zo. Yana son babban firam na aya don sabon gidansa a Aziziyya, kuma ya ce irin wanda ya taɓa gani a gidan wani dattijo yake so, mai layi bakwai. Baba ya ce to. Da Hausa ya yi hira da likitan, har da dariya, ina gefe ina ji kamar mai jin ƙamshin girkin maƙwabta.

Muka yi alli, muka yi laka, muka sa zinariya, muka goge. Ranar naƙashi ya zauna da gwangwanin ƙarafa. Layi na farko ya tafi, na biyu ya tafi. A na uku ya tsaya. Ya ɗauki wannan ƙarfe ya ajiye, ya ɗauki wancan. Mai layi bakwai ba kullum ake yin sa ba, kuma duk sanda zai yi, murfin a buɗe yake a gefensa yana dubawa. Wanda na gani jingine a bango kuwa an daɗe da kai wa mai shi. Ga tsufa. Na ga hannunsa ya sauka ƙarƙashin benci da kansa, ya taɓa kwadon, ya dawo. Kwana biyu yana zaune gaban firam ɗin nan bai buga komai ba. Bai tambaye ni ba, ni ma ban yi gigin magana ba.

A rana ta uku, da ya tafi gida bayan azahar, na ɗauko wani guntun katako da muka gwada alli da laka a kai. Ban taɓa sabon ganye ba. Ɓurɓushin zinariyar da nake sharewa ina tarawa a kwalba, shi na lallaɓa na manna, na goge. Sannan na rufe ido. Ban san na haddace shi ba sai a lokacin. Makonnin nan da na yi ina bin kan tsohon da gilashi, ashe yana nan zaune. Ɗigo-ɗigo. Zobe. Fure mai ganye shida. Ɗigo bibbiyu. Ganye a kishingiɗe kamar na zogale. Zobe cikin zobe. Ɗigo kuma, a rufe. Na buga su tsawon taƙi ɗaya, gumi na zuba ina kau da kai kada ya ɗiga.

Na ɗora guntun a kan bencinsa, kusa da gwangwanin. Na je salla na dawo, na koma lungu na ba da baya, na kama goge wani firam da bai buƙatar guga.

Na ji shigowarsa. Na ji ya cire takalmi, ya ja kujera. Sai ƙarar gilashi da ya taɓa katako. Na ci gaba da guga. Zai iya jefar da shi. Zai iya cewa shil. Na fi minti goma ina goge wuri ɗaya.

"Furen nan ba a kan zobe yake zama ba. Tsakanin zobe biyu ake sa shi."

Ban juya ba. Na zaci da kansa yake.

"Da kai nake. Ko ka kurumce ne? Sauran daidai ne, amma na ukun ka ɓata shi. Ɗauko guduma ka zo nan, hannuna ba zai kai ƙarshen wannan ba."

Na ajiye samfefar. Sai da na tsaya na share fuskata da gefen riga tukuna, don ba a sunkuya kan zinariya da jiƙaƙƙiyar fuska.